Taswira da awon gudu a otokuros: yadda zaka gane inda logarka, na'urar naɗar bayanan tuƙi, ke faɗin gaskiya da inda take shirga maka

Shekarar da na fara naɗar bayanan tuƙina a otokuros, akwai wata Lahadi da na dawo gida na buɗe taswirar zagayena na safe da na yamma na ɗora su kan juna, sai naga wai da yamma na bi ta kan kon har guda huɗu a silalom, wato jerin robobin da ake ratsawa hagu da dama, alhali ko ɗaya ban taɓa ba, ma'aikatan fili basu rubuta min komai ba. Na kusa awa biyu ina nazarin "kuskuren" da ban yi ba. Daga baya ne wani dattijo da ya daɗe a harkar ya kalli wayata yayi dariya yace ai duk layin ne ya zame gefe guda, ba motar ba. Toh wannan rubutun domin kar kaima ka ɓata daren Lahadinka ne.

Ga wanda bai san wasan ba, otokuros tseren agogo ne, mota ɗaya-ɗaya, a filin fakin na sitadiyam ko tsohon filin jirgi, ana jera kon, robobin nan masu ruwan lemu da ake sawa a titi in ana aiki, su ne suke zana hanyar. A Amurka ƙungiyar tseren mota ta SCCA ce tafi shiryawa, suna kiransa Solo, kuma babbar gasarsu ta ƙasa tun 2009 a filin jirgin Linkon na jihar Nebaraska ake yinta a watan Satumba, direbobi sama da 1,000. Zagaye ɗaya baya wuce sakan 40 zuwa 70, yawanci a giya ta biyu kake tun daga farko har ƙarshe, gudun ma da wuya ya haura kilomita 100 a awa. Ka ture kon, an ƙara maka sakan 2. Babu gwaji, da ƙafa zaka taka hanyar ka haddace ta, sannan a baka 'yan zagaye ƙalilan, a gasar ƙasa ma uku ne kacal a kowace hanya. Kuma ba wasan motar da samari ke yi a titi ranar biki bane, nan fili ne a rufe, da hular kwano, da masu duba lafiyar mota.

Abin da yasa awo yake da wahala a nan fiye da babban filin tsere shine komai a matse yake. Dokar SCCA ta yarda hanya ta tsuke har ƙafa 15, wajen mita 4.6, kon ɗin silalom kuma tazararsu kar ta gaza ƙafa 45, wajen mita 13.7. Agogon fili yana auna har kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Kai kuma na'urar da ka manna a mota kuskurenta na wuri mita 2 ne ko fiye. Kaga matsalar tun daga nan.

Abu ɗaya da in ka riƙe shi sauran duk zasu zo da sauƙi: GPS gwani ne wajen faɗin gudunka, amma wajen faɗin takamaiman inda kake, ɗan kame-kame ne. Dalili kuwa hanyoyi biyu daban yake bi. Wuri yana lissafa shi ne daga lokacin da sigina ta ɗauka kafin ta iso daga taurarin ɗan'adam da suke can sama kilomita 20,200, kuma a hanya siginar tana ratsa wani sashe na sararin sama da ake kira iyonosfiya wanda yake jinkirta ta, jinkirin kuma yana canzawa da rana da lokaci, ga taurarin su ma suna tafiya. Gudu kuwa daga sauyin amon siginar yake samo shi, abin da ake kira Dofla, irin yadda hon ɗin tirela yake sirancewa in tana tahowa ya yi kauri in ta wuce ka. Wannan jinkirin sama bai cika damunsa ba. Shi yasa in ka duba takardar bayanin guntayen GPS na kamfanin u-blox da suke cikin yawancin waɗannan na'urorin zakaga wuri an rubuta wajen mita 2 zuwa 2.5, gudu kuma 0.05 na mita a sakan, wanda bai kai kilomita 0.2 a awa ba.

Mataki na farko: san sau nawa na'urarka take awo a sakan

GPS ɗin cikin yawancin wayoyi sau ɗaya yake bada wuri a sakan, 1Hz kenan. A gudun kilomita 60 mota tana cin mita 16.7 a sakan guda. Silalom da tazararsa ta kai mita 18 ko 20, kusan ɗigo ɗaya zaka samu a kowane kon, toh ina lanƙwasar? Babu. Manhaja ce kawai zata zana maka layi mai santsi tsakanin ɗigon, ka ɗauka kaine ka tuƙa haka. Da 10Hz tazarar ta dawo mita 1.7, da 25Hz santimita 67.

Bangaren birki ma haka ne. In ka taka birki da ƙarfin 1g, wato daidai da ƙarfin da ƙasa take jawo abu, kilomita 35 a awa kake zubarwa duk sakan. Na'ura mai 1Hz tana iya tsallake ainihin ƙololuwar gudunka da kuma mafi ƙanƙantarsa a kwana gaba ɗaya, kuma waɗannan biyun sune abin da kazo nema.

Don haka ka nemi GPS na waje. Garmin GLO da Dual XGPS160 da Qstarz masu 10Hz ne, RaceBox Mini 25Hz, akwai kuma irin su AiM Solo 2 da VBOX Sport da suke cin gashin kansu. Manhajoji akwai SoloStorm da aka yi musamman domin otokuros a Android, akwai RaceChrono, TrackAddict, Harry's LapTimer. A ra'ayina 10Hz ya ishi mutum ya koyi abu mai yawa, 25Hz yafi daɗin kallo a silalom, amma kar ka ɗauka yawan awo yana gyara zamewar wuri, baya gyarawa, sau 25 a sakan kawai zai riƙa maimaita maka kuskuren mita 2 ɗin.

Sannan ka tabbatar da idonka cewa manhajar da na wajen take aiki. Bluetooth yana yankewa, wata manhajar sai ta koma na cikin waya shiru ba sallama. Fitar da fayil ɗin CSV, wato jadawalin lambobin da ta naɗa, ka buɗe, duba layin lokaci, in 10Hz ne zakaga yana tafiya 0.1, 0.2, 0.3 kuma lambobin wuri suna canzawa a kowane layi. In kaga lamba ɗaya tana maimaituwa sau goma kafin ta sauya, 1Hz ne aka yi masa kwalliya.

Mataki na biyu: inda zaka ɗora ta

Rufin mota, a waje, a tsakiya. Ƙarfen rufin yana taimakon eriya ya tare siginar da take dawowa daga ƙasa, kuma tana ganin sama duka. In ka ajiye kan dashbod rufin ya tare rabin sama, duk kwanar da ka sha taurarin da take gani sun canza, layin sai ya riƙa ɗan tsalle daidai inda kafi buƙatarsa. Wasu gilasan gaba ma akwai shafin ƙarfe a jikinsu na maganin zafi, suna kashe sigina sosai. Mai mota buɗaɗɗiya irin Miata da babu rufin ƙarfe, murfin but ko saman ƙarfen kariya ya wadatar, in dai an ɗaure ta tamau, don masu duba mota baza su bari ka shiga da abin da zai iya tashi ba.

Maganar tsakiya ba iyayi bane. A kwana mai faɗin da'ira mita 20 daga cibiya, kana gudun 50, motar tana juyawa da sauri har gefen waje yafi na ciki gudu, in eriya ta kauce daga tsakiya zuwa hagu da rabin mita kawai zaka samu bambancin sama da kilomita 1 a awa, kwanar dama ta ƙara maka, ta hagu ta rage maka. Sai ka zauna kana tunanin wai kafi iya kwanar dama. Sa ɗan tef ka yi alama a rufin, kullum nan zaka mayar da ita.

Kunna ta da wuri, minti 15 kafin zagayen farko, a fili ba ƙarƙashin rumfa ba. Cikakken jadawalin taurarin GPS minti 12 da rabi yake ɗauka kafin ya gama saukowa in na'urar ta daɗe a kashe. Kar kuma ka riƙa kashewa tsakanin zagaye. Duba adadin taurari da lambar HDOP, mai nuna yadda taurarin suka bazu a sama, in tana ƙasa da 1 lafiya lau, in ta haura 2 akwai abin da ya tare sama. Na'urar da take haɗa GPS da takwarorinsa, GLONASS na Rasha da Galileo na Turai da BeiDou na Sin, tafi samun taurari, tafi kuma nutsuwa. Waya kuma ka kashe mata yanayin tattalin batir, ka ɓoye ta daga rana, don wayar da tayi zafi a gilashi rage aiki take yi ko ta mutu ana tsaka da layi.

Mataki na uku: gwada ta a gida kafin ranar

Wannan mutane basa yi kuma shine yake buɗe ido. Faka mota a fili, kunna naɗa, barta minti 10 ba motsi. Buɗe taswirar. Zakaga motar da ko tayarta bata juya ba ta zana wani cukurkuɗaɗɗen zare kamar kaza tayi tono. Auna faɗin wannan zaren, shine iyakar amincin taswirarka, duk bambancin layi da bai kai wannan faɗin ba kar ka gina hukunci a kansa. Ka maimaita da safe da yamma a wuri ɗaya ka ga yadda tsakiyar zaren take ƙaura.

Ga masu son gwada irin wannan a gida Najeriya ko Nijar, ku sani yankinmu yana kusa da inda iyonosfiya tafi rikici a duniya, musamman bayan faɗuwar rana sigina takan yi rawa, sannan WAAS, siginar gyaran kuskuren GPS da na'ura take samu kyauta a Amurka, bai kai can ba. Awon safe yafi na bayan magariba.

Mataki na huɗu: taswirar hanya lokacin takawa

Akwai manhajojin da suke bari ka naɗi hanyar kana takawa da ƙafa. Yana da amfani wajen tuna fasalin hanya da sa alamar farawa da gamawa, amma kar ka ɗauke shi a matsayin awon safiyo. Tafiyar ƙafa kilomita 5 ce a awa, a wannan saurin na'ura bata gane alkibla sosai, jikinka yana tare rabin sama, ga mutane kana kauce musu. In zaka yi, ɗora na'urar a kan hula ko ka ɗaga ta sama da kai, ka bi inda tsakiyar mota zata bi. A muhimman kon, wato na shiga kwana, na cikin kwana, na farko da na ƙarshen silalom, tsaya cak sakan 15 zuwa 20 kafin ka danna alama.

Amma ni abin da nafi yarda dashi ƙafata ce. Auna takunka a gida da tef, ka yi taku 20 ka raba, nawa wajen santimita 75 ne. Sai ka ƙirga taku tsakanin kon ɗin silalom ka rubuta a takarda: 26, 26, 26, 24, 23. Kaga wannan silalom ɗin yana tsukewa a ƙarshe, mita 19.5 ya dawo 17 da ɗoriya, dole ka sassauta totur kafin kon na huɗu. GPS mai kuskuren mita 2 bazai taɓa nuna maka wannan da tabbaci ba, tsarin masu shirya hanya kuwa cike yake da irin wannan tarkon. In kana son amfani da keken awo mai taya ka tambayi masu shiri tukuna, kowane taro da dokarsa.

Hoton Google Earth da ake shimfiɗawa ƙarƙashin layi shima nasa kuskuren daban ne, yana iya kaucewa da 'yan mitoci, kuma ba ranar aka ɗauke shi ba. Ado ne, yana taimaka maka ka gane "nan ne wajen fitilar nan", shikenan.

Mataki na biyar: layin farawa, na gamawa da na tsakiya

Nan ne lokacin manhaja yake rabuwa da na agogon fili, mutane su yi ta zargin ma'aikata. A otokuros daga tsaye kake tashi, fitilar da take kunna agogo in ka ratsa ta tana 'yan mitoci gabanka, lokacin da zaka ratsa ta gudunka bai wuce 20 ba, mita 5.6 a sakan. Kuskuren mita 1 a nan sakan 0.18 ne. A wajen gamawa in kana kan 70, wannan mita ɗayan sakan 0.05 ne kawai. Kaga yawancin saɓanin daga farawa yake zuwa. Wasu manhajojin ma daga motsin farko suke fara ƙirga, ba daga fitila ba, toh dole lokacinsu yafi tsawo.

Abin yi shine bayan kowane zagaye ka rubuta lokacin fili kusa da na manhaja. In bambancin kusan ɗaya ne kullum, misali kullum manhaja ta ɗara da 0.3, ba komai, matsar da layin farawa ko ka riƙa cirewa a ka. In yau 0.1 anjima 0.5, akwai matsala a eriya ko sigina, kuma tazarar da take nuna maka a tsakiyar hanya ma abin zargi ce. Lokacin fili shine alƙali, naka na nazari ne.

Layukan raba hanya kashi-kashi kuma ka sa su a inda kake da gudu kuma motar take miƙe, su gitta hanyar sosai. A gudun 80 kuskuren mita 1 sakan 0.045 ne, a tsakiyar matsattsiyar kwana kana 30 ya zama 0.12. Sannan ka lura da faɗin layin, hanyar otokuros tana naɗewa ta dawo kusa da kanta, in layin yayi faɗi sai ya taɓo wani ɓangaren, manhaja ta yanke maka zagaye a sakan 19 tace ka gama. In kuma yayi ƙanƙanta zamewa ta sa ka wuce ta gefensa bata gani ba. Kashi uku ko huɗu sun isa hanya mai sakan 60.

Mataki na shida: gudu, wanne zaka yarda dashi

Kana da majiya har huɗu kuma duk sai sun saɓa.

Malejin dashbod cire shi a lissafi, da gangan ake sa shi ya ɗara, dokar Turai ma cewa tayi kar ya taɓa nuna ƙasa da gaskiya amma yana iya ɗarawa har kashi 10 cikin 100 da ƙarin kilomita 4.

Gudun OBD, na kwamfutar motar, wanda kake samu in ka soka ɗan adafta a ƙarƙashin sitiyari, daga juyin taya yake zuwa, kuma cikakkiyar lamba yake bayarwa ba ɗigo, 47 ko 48, babu 47.5. Adafta masu araha 'yan lokuta kaɗan suke amsawa a sakan, in ka tambaye su abubuwa da yawa, gudu da juyin inji da totur da zafin ruwa, sai su ƙara nauyi. Zaɓi biyu ko uku kawai. Ga jinkiri, in bayanin ya makara da sakan 0.2 kana kan 80, mita 4.4 kenan, zai nuna ka ɗaga ƙafa daga totur bayan inda ka ɗaga da tsawon mota guda. Sannan girman taya: 205/50R15 tsayinta milimita 586, 195/50R15 kuma 576, bambancin kashi 1.7 cikin 100, a gudun 80 kusan kilomita 1.4. In ka canza taya ranar gasa lambar ta canza. In taya ta yi ta juyawa a banza wajen fita kwana OBD zai ce kana tashi sama alhali hayaƙi kawai kake yi, in ta kulle a birki yace ka tsaya.

Amma fa wannan "aibin" shine amfaninsa. Fara daidaita su: samu miƙaƙƙen titi, riƙe gudu ɗaya na sakan 20 a 50, sannan a 80 inda doka ta yarda, raba gudun GPS da na OBD, lambar da ta fito ka riƙa ninkawa da ita. Bayan nan ka ɗora layukan biyu a giraf ɗaya. Duk inda na OBD ya yi tsalle ya bar na GPS a ƙasa, tayarka ce take zamewa, ka danna totur da wuri ko da ƙarfi. Babu wani malami da zai nuna maka wannan ƙarara kamar giraf ɗin.

Gudun GPS na Dofla shine madogara. Ka tabbatar dai manhajar shi take nunawa, ba wai tana raba tazarar ɗigo biyu da lokaci ba. In kaga layin gudu yana da haƙora kamar zarto, yana hawa da sauka da kilomita 3 ko 4 a miƙaƙƙiyar hanya, toh daga wuri ake lissafa shi ko kuma sigina ta lalace. Rauninsa biyu ne, a ƙasa da gudun tafiyar ƙafa yana rawa, sannan tacewar da ake yi a cikin na'ura da cikin manhaja tana ɗan daƙushe ƙololuwa da kwari. In akwai wajen rage santsin layi a saiti, rage shi, gara kaga ɗan datti da a share maka gaskiya.

Na huɗu ma'aunin fizga, wanda yake bada g. Shi kaɗai baya iya bada gudu ko taswira na tsawon zagaye, ga lissafin: in ya karkace da 0.01g kawai, bayan sakan 60 kuskuren gudu ya kai kilomita 21 a awa, na wuri kuma mita 176. Shi yasa ake aurar dashi da GPS, ɗaya yana cike giɓin ɗaya. Ka ɗaure shi kam, ka saita sifilinsa a shimfiɗaɗɗen wuri kana zaune a ciki. Kuma ka sani in mota ta kwanta gefe da digiri 3 a kwana, nauyin ƙasa yana ƙara masa kusan 0.05g na banza. Waya a mariƙin gilashi mai lilo kuwa, g ɗinta labarin mariƙin take baka.

Akwai ɗan lissafi da nake tantance su dashi. Ɗauki gudu a kilomita, ninka shi da kansa, raba da 127, sake rabawa da nisan cibiyar kwana a mita. Gudun 50 a kwana mai mita 20: 2500 a raba da 2540, wato 127 sau 20, ya bada 0.98g. Motar titi mai tayar gasa ta titi a nan take yawo, 1 ko ɗan sama. In logarka tace kayi 1.6g a doguwar kwana da irin wannan tayar, ba kai bane gwani, wani abu ne ya kwance.

Mataki na bakwai: ɗora zagaye kan zagaye

Fara da gyara zamewa. Wajen tashi kusan wuri ɗaya ne ga kowa, mai tuta yana tsayar da kai a kan layi ɗaya, toh wannan ɗigon shine ƙusarka. In manhajarka tana bari a ja layi, ja na yamma har farkonsa ya hau farkon na safe. Ka duba wata shaidar ta biyu, misali wata ƙofar kon mai tsukuku da dole kowa ya bi ta tsakiyarta. In wurare biyun sun hau juna, sauran bambancin da ya rage yana iya zama naka. In bata bari, ka kwatanta zagayen da suke kusa da juna a lokaci kawai. Shi yasa mutum biyu a mota ɗaya yafi komai daɗi, na'ura ɗaya, taya ɗaya, minti biyar ko goma tsakani, sama bata gama canzawa ba.

Sannan giraf ɗin gudu ka shimfiɗa shi kan nisa, ba kan lokaci ba, in ba haka ba wanda yafi sauri zai riƙa gaba kwanoninku baza su haɗu ba. Amma nisan ma da nasa sharrin, wanda ya buɗe kwana yafi cin mita, zuwa ƙarshen hanya sai kaga kwarin girafinku ya goce da mita 5 ko 8. Maganinsa ka sake daidaitawa a farkon kowane kashi. Wannan ƙarin nisan ma bayani ne, a gudun 50 kowace mita ɗaya sakan 0.07 ce, kuma sau da yawa a otokuros wanda ya matse ya bi gajeriyar hanya da ƙaramin gudu yana doke wanda ya buɗe yana jin daɗin lambar maleji. Na sha ganin mafi ƙanƙantar guduna a kwana ya ɗara na abokin tuƙina da kilomita 3 amma ya fito gabana, don ni na zagaya unguwa.

Abubuwan da nake dubawa tsakanin zagaye, kuma minti biyar gareni, uku ne: ina layin tazarar lokaci ya fi faɗuwa, a wannan wajen waye ya fara rage gudu, kuma waye ya fara komawa totur. Duk daga gudu suke fitowa. Taswira tana gaya min a wace kwana ce kawai.

Tambayar "nawa ne tsakanina da kon" kuwa kyamara ce take amsa ta. Manna ƙaramar kyamara a ƙasa-ƙasa a gefen ƙofa tana kallon tayar baya, ko biyu in kana da hali, zakaga ko tafin hannu ne tsakaninku ko mita guda. Daidaita bidiyon da bayanan ta wurin tashi, firem ɗin da mota ta fara motsi shine inda gudu ya bar sifili, sai ka sake dubawa a birki na ƙarshe ko sun ci gaba da tafiya tare.

In kuma lallai sai ka ga layinka a taswira da santimita, akwai RTK, dabarar gyara kuskuren GPS nan take, irin guntun ZED-F9P mai kama zango biyu na sigina, yana saukowa wajen santimita 1 ko 2, amma sai da tasha ta biyu a kafe a gefen fili ko gyara ta intanet, sannan sai ka bi kon ɗin ɗaya bayan ɗaya ka auna su da wannan na'urar da safe, in ba haka ba kana da layi mai kyau ba abin da zaka gwada shi dashi. Kuma duk kon da aka ture aka mayar, cikin akwatin da aka zana masa da alli a ƙasa ake mayar dashi, toh tsakiyar akwatin zaka auna ba kan robar ba.